Merv Rasmussen da Makinsa Ɗaya

Merv Rasmussen tsohon mijina ne, kuma gara in faɗa tun yanzu, ba na ƙaunarsa. Kada wani ya zauna yana jiran inda zan sauko, ba zan sauko ba. Mun rabu da daɗewa. Da ya kwashe kayansa sai ya kama gidan da ke kallon nawa, ba don yana kewata ba, sai don filin da ke gefen gidan shi kaɗai ne a duk Yarrabinda inda tirela mai jela uku za ta iya juyawa. Haka na wayi gari da takardar rabuwa a hannu, ga kuma mutumin da motarsa a tagar kicin ɗina kullum.

Direban shanu ne. Ubansa a kan doki ya kora shanun mutane har ya mutu, shi kuwa ya gudu daga makaranta ya bi motoci yana kankare kashin shanu daga bodi, har wani ya gaji da ganinsa ya miƙa masa sitiyari. Tun daga nan bai sake zama mutumin gida ba. Idan ka shiga mashaya ka ambaci sunansa, sai ka toshe kunne. Merv ne ya canja taya da karyayyen yatsa a tsakiyar daji. Merv ne ya ratsa ambaliya da shanu bai rasa ko maraƙi ba. Duk gaskiya ne, ban musa ba. Amma babu mai ba da labarin ranar da na haifi Shanelle, yana can iyakar jiha ya aiko wani direba ya ce a gaishe ni. Ranar da aka binne uwarsa kuwa da shanu ya zo. Ya ajiye motar a bakin maƙabarta injin yana ruri, fadan coci yana addu'a shanu suna kuka, ana zuba ƙasa ya duba agogo ya tafi. Mutanen gari suka ce kai, Merv akwai riƙon aiki. Ni ce na wanke kwanukan zaman makokin.

Hanyar burji ta cinye masa baya tun bai yi furfura ba. Maganinsa ƙwayar kashe zafi, wadda ake saya a shago ba sai da likita ba. Yana watsa ta a baki kamar gyaɗa, ciki babu komai, ya bi ta da baƙin kofi. Na yi magana lokacin da nake da hurumin magana, ya ce in yi harkar gabana. Daga baya aka ƙara masa ta hawan jini, wadda ke sa zuciya ta riƙa bugawa a hankali. Wannan kam yana shan ta a kan lokaci, don ba ya wasa da duk abin da ya shafi gwajin lafiyar direbobi.

Lasisin nan shi ne Merv. Idan ka cire shi babu abin da ya rage sai hula da baƙin hali. Kuma direbobin manyan motoci suna da abin da suke gaya wa juna a gidajen mai: ko me ya same ka, kada ka yarda kalmar suma ta fito daga bakinka a gaban likita. Da zarar an rubuta cewa ka suma, sai a karɓe lasisin na watanni, a yi ta aika ka wurin wannan gwaji da wancan. Yaro zai iya jira. Mutumin da ya haura sittin, kafin ya dawo wani ya gaje hanyarsa, shi ke nan.

Mu kuma a garin nan muna da tamu doka, wadda ta girmi ta gwamnati. Ba a kai maganar mutum gaba. Tun muna firamare, yaron da ya gaya wa malama wanda ya fasa taga shi kaɗai yake cin abincinsa har ƙarshen shekara. Ka saci tunkiya, za a yi dariya a mashaya. Ka nemi matar maƙwabcinka, za a ba ka kashi a manta. Amma ka buɗe baki a gaban mai biro a hannu ka faɗi abin da wani ya ɓoye, to kai ka gama yawo.

Wata safiya ce a tsakiyar rani, lokacin kwasar shanu. Ina wanke kofi na hango shi yana saukowa daga kan motar. Ya sa ƙafa a matakala, ya tsaya kamar mai tuna wani abu, sai ya zube ƙasa gaba ɗaya. Na ƙarasa ɗauraye kofin na kife shi, don na ɗauka santsi ne, zai tashi yana zagin matakalar. Bai tashi ba.

Da na tsallaka titi na same shi kwance a gefen taya, ido a juye, fuska fari fat. Gaban rigarsa ya ɓaci da amai mai duhu kamar guggubin kofi, da ja-ja a ciki. Wari kuwa ba a magana. Wandonsa ta baya ya jiƙe da wani baƙin abu kamar kwalta. Na shure shi a takalmi, ban yi da wasa ba. Can ya buɗe ido, ya dube ni, ya dubi motar, ya gane inda yake.

"Ba ki ga komai ba, Raelene," in ji shi.

"Na ga tsoho kwance cikin kashinsa."

"Santsi ne ya kwashe ni."

"A ƙasar da rabonta da ruwa tun bara? Tashi ka tafi asibiti wurin Sista."

"Ina da lodi da rana. Koma gidanki, 'yar sa ido."

Ya ja jiki ya shige gida, ya fito da wani wando da wata riga. Daidai nan Noel Tighe mai gidan mai ya tsaya da akori-kurarsa, ya kawo masa wani ƙarfen birki. Noel abokinsa ne tun suna yara, kuma ƙwaƙwalwarsu ɗaya. Ya ga Merv yana dafe da ƙofa yana kakarin amai, sai ya ce su je Sista ta yi masa allurar tsayar da amai, don kada ya ɓata kujerar mota. Da wannan dalilin kaɗai Merv ya yarda. Suka shiga mota suka bar ni a titi, na saka takalmi na bi su a ƙafa.

Asibitin namu ɗaki biyu ne da baranda. Sista Marites ce ke riƙe da shi, 'yar Filifin ce, ta daɗe a nan har ta iya zaginmu da irin namu. Likita ba ya zama a garin, ta waya ake samun sa. Idan ciwo ya fi ƙarfin Sista sai a kira jirgin likitoci, jirgin kuma guda ne ga ƙasar da za ka yini kana tuƙi ba ka fita daga cikinta ba. Ba za a tashe shi don kowane mashayi da ya yi aman jini ba, alhali wata tana naƙuda a wani ƙauyen. Shi ya sa suke da lissafi. Ana duba ƙarfin jinin mutum, da wani gwaji da ke nuna ko jini ya kwanta a ciki, da awon jini, da bugun zuciya, kowanne da makinsa. Sauran kuma tambaya ce: ko bayan gidanka ya yi baƙi, ko ka suma, ko kana da ciwon hanta ko na zuciya. Maki ɗaya ko babu, a ba ka magani ka tafi gida, a sa maka rana a birni. Ya wuce haka, ba ka da ta cewa.

Na zauna a benci bayan labule, kusa da Noel, wanda ya matsa kamar ina da ƙazwa. Sista ta ɗebi jini ta sa a ƙaramar na'urarta, ta ɗaura masa abin awo a hannu, ta kira likita ta buɗe muryar wayar. Muryar wata yarinya ce, mai ladabi, da ganin yadda take magana ta kwana biyu ba ta huta ba.

"Malam Rasmussen, aman nan sau nawa?"

"Sau ɗaya, 'yata. Ɗan kaɗan ne. Wani naman gwangwani na ci jiya."

"Bayan gidanka ya canja launi? Ya yi baƙi?"

"Ban tsaya kallo ba, amma lafiya lau yake."

"Ka suma, ko jiri ya kayar da kai?"

"Ni? Ban taɓa suma ba tun da aka haife ni."

Sista ta karanto abin da na'ura ta nuna. Jininsa ya ɗan yi ƙasa kaɗan, sauran suna bakin iyaka, zuciya tana tafiya a natse. Daga baya ne ta gaya min cewa jinin da ya zuba yanzu-yanzu ba ya saurin nunawa a gwaji, kuma ƙwayar hawan jinin ce ta danne bugun zuciyar. A lokacin dai abin da ke gabansu ke nan.

"Maki ɗaya," in ji likita. "Idan haka ne zai iya tafiya. Ya daina ƙwayar bayan nan yau, ki ba shi maganin gyambon ciki, mu sa masa rana a leƙa cikin. Sista, ke da ke ganin sa, yaya?"

"Launinsa bai yi min ba," in ji Sista. Ta ɗaga labule. "Noel, kai ka kawo shi. Ka ga ya faɗi?"

"Ni a tsaye na same shi," in ji Noel, yana kallon silin.

Ta juyo gare ni. Ba ta tambaye ni ba, ta san garin da take. Merv yana zaune a bakin gado yana ɗaura maɓallin hannun riga, ya ɗago ya kafe ni da ido. Na san kallon. Shi ne wanda yake yi min a gaban baƙi idan na fara magana, tun ina amarya.

An faɗi abubuwa da yawa a kan dalilina. Wasu sun ce na tuna motar 'yan makaranta da ke bin hanyar da zai bi da shanu. Na so a ce haka ne, amma ko kaɗan ba ta zo min a rai ba. Wasu matan sun ce sauran so ne, wannan ta fi ƙona min rai. Abin da na gani a zaune a bencin nan jana'izarsa ce. Na ga tireloli sun yi layi daga mashaya har maƙabarta, an wanke su suna ƙyalli, ana danna hon, ƙarti suna share hawaye da hula. Gwarzo ya mutu a kan sitiyari. Ni kuma a gefe, matar da ta kasa haƙuri da gwarzo, har in mutu ina jin labarin. Na ce wallahi bai isa ba.

"Ƙarya yake yi," na ce, da ƙarfi yadda wayar za ta ɗauka. "Ya suma a gindin motarsa, sai da na shure shi ya farfaɗo. Wandon da ya cire yana bayan ƙofarsa, baƙi ƙirin kamar kwalta. A aika a ɗauko idan ana so."

Noel ya tashi ya fita baranda.

"Wace ce ke magana?" in ji likita.

"Maƙwabciyarsa."

"Tsohuwar matata ce, likita," in ji Merv. "Mahaukaciya ce, kowa ya sani. Ta daɗe tana neman ganin bayana."

"Malam Rasmussen, ka suma ko ba ka suma ba?"

Ya buɗe baki zai sake shirga wata, sai Sista ta ce ya miƙe tsaye ta gani. Ya miƙe da ƙarfinsa, don ya nuna mata. Gwiwoyinsa suka lanƙwashe, ta tare shi da kafaɗa ta mayar da shi gado.

"Suma maki biyu, baƙin bayan gida maki ɗaya, ga ɗayan farko," in ji likita. "Huɗu ke nan, kuma ina jin zai hau. Sista, ki sa masa ruwa ta hannu biyu. Zan turo jirgi."

Yana kwance ana soka masa allura, bai daina kallona ba. Bai ɗaga murya ba, don ba shi da ƙarfin. Ya ce, "Kin kashe ni, Raelene. Kin ji daɗi?"

"Da na kashe ka da ba ka da bakin tambaya," na ce masa.

Jirgin bai yi nisa da tashi ba ya amayar da jini cike da kwano. A sama suka fara ƙara masa jini. A birni aka zura masa bututu mai kyamara ta maƙogwaro, aka tarar ƙwayoyin sun huda masa gyambo har kan jijiya, aka ƙone bakin jijiyar. Sista ta tare ni a shago bayan kwana biyu, ta ce da ya hau motar nan da rana, da a kan hanya za a tsince shi, shi da shanun. Na ce mata oho, na biya kuɗin madarata.

Garin bai tsaya jin wannan ba. Ko sun ji, bai dame su ba. Abin da suka riƙe shi ne Raelene ta kai Merv gaba. Noel ya daina fitowa idan na tsaya shan mai, sai in zuba da kaina in ajiye kuɗi a kan kanta yana karanta jarida. Mahauci da ke ajiye min ƙashin miya ya ce babu, ga shi ina gani a faranti. Ranar kasuwar coci na kai kek ɗina na lemo, wanda a da kafin in juya ya ƙare, aka dawo min da shi ko yanka ba a yi ba. Wata Beryl, wadda mijinta ya karya mata haƙarƙari sau biyu ba ta taɓa gaya wa kowa ba, ita ce ta ja ni gefe tana yi min wa'azi, wai da na bari Sista ta gano da kanta. Na ce mata ta je ta gano nata haƙarƙarin tukuna. Shanelle ta bugo daga Toowoomba tana kuka, ta ce, "Mama, na gode, amma kin san Baba ba zai yafe miki ba." Na ce ban aika a roƙo min ba.

Ya dawo a motar haya, ya rame, wuya kamar na kaza. Lasisin ya tafi, kamar yadda ya sani. Aka yi ta aika shi birni ana duba zuciya ana duba kai, kowane gwaji ya haifi wani. Kafin su gama, masu gonakin da yake yi wa jigila sun ba wani kamfani daga bakin teku aikin. Su ne dai masu cewa babu kamar Merv, amma shanu ba sa jiran kowa, shi ya koya musu. Motar ta yi ta zama a filin, ciyawa ta fito a ƙarƙashinta. Duk Lahadi yana wanke ta, ya tayar da injin ya saurara, ya kashe. Wata rana wani baƙo ya zo da jakar baya, suka zaga ta, suka yi musabaha, baƙon ya hau ya ja ta. Merv ya tsaya a tsakiyar filin har ƙurar ta kwanta. Na gani ta taga, kuma ban ji tausayinsa ba. Haushi na ji, don ko ranar da muka rabu bai tsaya haka ba.

Tun daga nan sai zaman baranda. Ba ya zuwa mashaya, don can labarin hanya ake yi. Abokan da suka daina gaishe ni saboda shi, su ma ba sa zuwa wurinsa, don ba su san me za su ce wa direban da ba ya tuƙi ba. Ni suka hukunta, shi suka manta da shi, kowa ya samu natsuwa.

Watan jiya na ci karo da shi a shago. Yana gabana a layi, ya ajiye burodi da kofi da kwalin ƙwayar nan, ita dai wadda ta huda shi. Yarinyar shagon ta sa hannu za ta ɗauka.

"An hana ka wannan," na ce.

Bai juyo ba. "Bayan nawa ne ko naki?"

"Za ta sake huda ka, tsohon banza."

"To sai ki je ki faɗa. Ai kin iya hanya." Ya juyo a hankali. "Me kuma ya rage da za su karɓe? Gaya min, Raelene. Kin bar min wani abu?"

"Na bar maka numfashi."

"Riƙe kayanki," in ji shi. Ya biya, ya ɗauki ledarsa ya fita.

Na je wurin Sista na faɗa, ƙwarai kuwa, tunda sunan ya riga ya bi ni. Ta je gidansa, ya ƙi buɗe ƙofa. Ta ce min lissafinta ba ya aiki sai mutum ya shigo ya zauna, ba ta da makin da za ta ba wanda ke bayan ƙofa.

Bayan mako guda Noel ya sauke masa kwanon rufi da ƙarafa a bakin titi. Na ɗauka rumfa zai yi. Merv shi kaɗai ya yi aikin, da bayan nan nasa, yana haƙa rami yana hutawa, yana dafe ƙugu. Ya kafa katangar kwano tun daga kusurwar gidan har ƙarshen filin, ta fi tsayin mutum, ta rufe baranda da ƙofa da tagogi. A gefen maƙwabcinsa na dama bai sa komai ba, na hagu ma haka. Ɓangaren da ke kallon kicin ɗina kaɗai ya toshe.

Yanzu idan na tsaya wanke-wanke, kwano nake gani, rana tana dukansa tana kashe min ido. Da safe nakan ji ƙarar ƙofarsa, in san ya tashi. Jiya ban ji ba sai wajen azahar, na tsaya da soso a hannu ina zaginsa har ruwan ya huce. Ya san abin da ya yi, mugun. Duk ranar da ya sake faɗuwa, ba zan gani ba.